Rasuwar Nafisa

Ni ne mai yi wa matata dariya in tana sharar hawaye a kan littattafan soyayya. Ran nan ruwa ya hana zuwa gona, na ɗauki ɗaya na zauna a zaure, wai in ga shirme.

Maƙwabcina Malam Sule ya leƙo, ya tarar gemuna ya jiƙe sharkaf.

"Lafiya?"

"Nafisa ce ta rasu wurin haihuwa," na ce.

Bai tambayi wace Nafisa ba, ya yi salati ya fita. Kafin in ƙarasa babin an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, samari sun taho da magirbi don haƙa kabari. Matata ce ta yi bayani daga bayan ƙyaure.

Har yau, da an sallame salla, sai wani ya miƙo mini hannu: "Ya ƙarin haƙuri?"