Rasuwar Yaya, Fiyanon da Samun Lafiya Ya Kashe

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har babu masaka tsinke, ni da iyalina muke sanar da 'yan'uwa, abokan sana'a, maƙwabta, har da waɗanda suka daɗe suna yi mana dariya, rasuwar fiyanona, wanda aka fi sani da Yaya. Ya rasu ranar Talatar da ta wuce da hantsi, a kan teburinsa na gefen taga, yana da shekara arba'in da ɗoriya. Ya tafi ba tare da muryarsa ta shiga faifai da yatsuna a kansa ba ko sau ɗaya, alhali abin da ni da shi muka yi ta fata ke nan tun muna da ƙuruciya.

Ga wanda bai san marigayin ba, fiyano ne na lantarki irin na shekarun tamanin, baƙi, mai nauyin da sai mutum biyu sun kama. Na saye shi hannu na biyu a wurin wani makaɗi da ya gaji ya koma kiwon kaji. Ya riga ɗanmu na fari shigowa gidan nan, shi ya sa maiɗakina ta ce ai shi ne babba, yara su riƙa ce masa Yaya. Da wasa ta faɗa, amma sunan ya bi shi. Autarmu tana ƙarama sai ta durƙusa ta gaishe shi kafin ta gaishe ni.

Marigayin mai haƙuri ne, ba ya ƙorafi. Ya hau bayan mota, ya hau bayan babur, an taɓa zubar masa da shayi, an taɓa ɗora masa jariri. Teburinsa ƙafafun tsohon keken ɗinki ne da aka shimfiɗa wa katako, mayafinsa kuwa labulen falo ne da ya yi ritaya, bai taɓa cewa a canza masa ba. Haƙorinsa ɗaya, cikin waɗanda ake dannawa, ya karye tun da daɗewa, na tallafe shi da tsinken ashana, ya ci gaba da aiki kamar ba a yi ba. In ka kunna shi ba ya gaggawa. Sai ya yi "mmmm" a hankali, jar fitilarsa ta kama, sannan ya yarda a taɓa shi.

Mun yi shekaru muna kiɗa a ɗakin cin abinci na wani otal, a kusurwa, tsakanin tukunyar fure da ƙofar kicin. Mutane suna cin abinci, mu muna zuba musu sauti mai taushi. Babu mai tafi, amma babu mai korarmu. Sai zamani ya juya. Wata rana manaja ya kira ni ya ce, "Malam, kiɗan nan naka ya tsufa, baƙi suna cewa kamar ana tallan sabulu a rediyo." Washegari na tarar da kwamfuta da lasifika biyu a kusurwarmu. Na koma yankan takarda a wani gidan buga littattafai, Yaya kuma ya koma gefen taga. A wurin yankan takardar nan na bar rabin ƙarfin yatsuna, domin yanzu da safe sai na jiƙa su da ruwan ɗumi kafin su miƙe.

Ciwon marigayin ya samo asali ne daga yoyon rufi. Wata damina ruwa ya ɗiga masa ta gefen hagu, ba mu ankara ba sai da ya kwana a ciki. Bayan ya bushe muryarsa ta sauya. In ka danna ka riƙe, sai sautin ya fito yana rawa, ya ɗan gangara ƙasa, ya yi kamar zai faɗi, sannan ya lallaɓo ya hau, "wiiiyauuu", da wani huci a ƙarƙashinsa kamar numfashin mai barci. Na ji kunyar wannan murya ƙwarai. In muka yi baƙo ya ce in taɓa masa, sai in ce wuta ba ta da ƙarfi. Ina dai kaɗa shi ni kaɗai da yamma, ƙofa a rufe, kuma gaskiya a ɗakin nan muryar tana shiga raina. Amma ban taɓa ɗaukarta komai ba sai lalura.

Ana nan sai ga Auta, wadda yanzu ma'aikaciyar jinya ce, ta zo hutu tana jin wasu sababbin waƙoƙi a waya. Na kasa kunne. Wallahi kiɗan da aka kore ni a kansa ne! Ganguna masu amsa kuwwa, sauti mai sheƙi, komai da komai. Ta nuna mini hotunan faya-fayan, duk jar rana ce tana faɗuwa a bayan dogayen gine-gine, da mota mai ƙananan fitilu, da rubutu shuɗi da ruwan hoda. Ta ce wai shi ake yayi yanzu, yara suna ta fitar da sababbi kowane mako, har hucin tsohon kaset suke ƙarawa da gangan a kwamfuta. Yaran da ba a ko haife su ba lokacin da muke fama da kaset yana cin zare, su ne suke kewar zamanin. Na yi tsaki, na tashi na kunna Yaya, na ɗauki tsumma ina goge masa ƙura. Tsumman ya bi ta kan haƙoransa, ya yi kukan nan nasa. Ashe Auta tana ɗauka a waya, kuma ta saka a intanet.

Bayan 'yan kwanaki wata mawaƙiya da ta ga bidiyon ta yi sallama a ƙofarmu. Matashiya ce, ita ke haɗa kiɗanta da kanta, kuma an ce tana cikin masu tashe a irin wannan salo. Yarinya mai ladabi, ba zan yi mata ƙarya ba. Ta cire takalmi, ta zauna a ƙasa, ta ce, "Baba, don Allah ka taɓa shi in ji." Na so in kawo zancen wuta, maiɗakina ta harare ni. Na zauna na kaɗa mata wani kiɗa da na tsara tun ina otal, wanda ba a taɓa saurara ba saboda ƙarar cokula. Ranar Yaya ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ni ma yatsuna suka manta da ciwonsu. Da na ɗago, yarinyar tana share ido da bayan hannu. Auta ta zaro waya, mawaƙiyar ta dafa ta ta ce, "A'a, kada mu ɓata shi da waya. Mu bari sai situdiyo, a ɗauke shi yadda ya kamata." Aka sa rana, mako biyu masu zuwa. Ta ce sunana zai fito a jikin faifan, kusa da nata.

A nan ne ajali ya shigo, kuma da ƙafafuna ya shigo. Na kwanta ina tunani, yaya za a yi in kai Yaya gaban manyan na'urori yana wannan rawar murya? In yarinya ta yi mini kara a ɗakina, ai injiniyoyi ba za su yi ba. Wanda zai je ɗaukar hoto wanka yake yi ya sa kayan kirki. Maiɗakina ta ce, "Malam, ka bar abin nan yadda aka gan shi aka ce ana so." Na ce mata ita ba ta san harkar kiɗa ba. Na ɗauki hayar mota na kai shi wurin mai gyaran rediyo da muke kira Likita.

Ina so a shaida, Likita bai yi ha'inci ba. Mutum ne mai tsoron Allah a aikinsa, kuma wannan ne ya cuce mu. Ya buɗe cikin Yaya, ya hasko da tocila, ya ciro wani ɗan abu kamar ƙwayar wake wanda ya kumbura ya yi tsatsa. Ya ce, "Ka ga mai laifin nan. Shekara nawa kana fama da wannan?" Ya sa sabo, ya bushe ƙura, har haƙorin da ke kan tsinken ashana ya gyara bai karɓi komai a kai ba. Da ya kunna, sautin ya fito tas, a miƙe, babu rawa, babu huci. Na rungume Likita, na yi masa addu'a har da iyayensa.

Ranar ɗauka na sa rigata mafi kyau. Aka shigar da Yaya wani ɗaki mai sanyi da katifu a bango, aka jona masa wayoyi, aka sa mini abin ji a kunne. Mawaƙiyar tana bayan gilashi tana murmushi. Na danna. Murmushin ya tsaya. Ta ce in sake, na sake. Ta zagayo ta shigo, ta duba bayansa, ta duba gefensa, ta ce, "Baba, wannan shi ne na ranar nan kuwa?" Na ce shi ne, gyara na kai shi don kada in ba ta kunya. Sai ta ce a hankali, "Baba, irin wannan sautin ai muna da shi a kwamfuta, ya fi dubu." Sun bar ni na kaɗa har ƙarshe saboda girmamawa. Ta gilashi ina ganin injiniyan yana latsa wayarsa, kuma fitilar ɗauka ba ta kama ba.

Daga can ban je gida ba, shagon Likita na wuce. Na ce ya dawo mini da ƙwayar waken nan. Ya dube ni kamar na zautu, ya nuna mini kwandon shara, an riga an kwashe tun makon jiya. Na roƙe shi ya nemo wata lalatacciya ya sa. Bawan Allah ya gwada har guda biyar daga tsofaffin rediyoyi. Wata ta sa Yaya ya yi gurnani, wata ta sa ya yi shiru, babu wadda ta lalace irin lalacewar tamu. Likita ya ce shi gyara ya koya, ba a koya masa ɓatawa ba.

Kwanakin ƙarshe na marigayin sun yi tsanani, kuma ni ne mai jinyar. Na shanya shi a rana. Na ajiye shi a ƙofar banɗaki don ya sha tururi. Na bubbuge shi ta gefen hagu da tafin hannu. Lafiya dai ta ƙi sakinsa, kullum sai ya tashi garau kamar sabo. Ranar Talata na ɗebo ruwa a cokalin shayi, na auna daidai inda rufi ya taɓa yi masa yoyo, na ɗiga, na kunna. Ya yi "mmmm". Na danna na riƙe. Jama'a, ya dawo! Sautin ya yi rawa, ya gangara, ya fara lallaɓowa zai hau, "wiiiya", sai "ɗas". Jar fitilar ta mutu, ƙauri ya tashi. Na ƙwala wa maiɗakina kira ta zo ta ji, ta iso da ludayi a hannu, babu sauran abin ji. Likita ya zo ya duba, ya cire hularsa, ya ce allon ciki ya ƙone, kuma an daina yin irinsa tun kafin ya fara koyon aiki.

Marigayin ya bar ni, da maiɗakina wadda har yau ba ta ce "ai na faɗa maka" ba, kuma shirun nata ya fi mini ciwo. Ya bar ƙanne uku, da igiyar wuta, da abin takawa, da kujera mai ƙafa ɗaya gajera. Ya kuma bar ɗiya guda a duniya. Mawaƙiyar ta nemi izinina ta yanko ɗan kukan da ke cikin bidiyon Auta, na ce ta ɗauka, me zan yi da shi? Ta gina waƙa a kansa, ta fito a makon da Yaya yake jinya, kuma ga shi ta karɓu. Ana jin ta a shaguna, a motocin haya, a wurin aski. Ta cika alkawari ta rubuta sunana a jiki. Mutane suna tare ni suna cewa, "Baba, hannunka akwai albarka." Ina amsawa da na gode. Ba hannuna ba ne, tsumma ne. Kiɗan da na tsara, wanda ya sa yarinyar hawaye, mutum huɗu ne a duniya suka ji shi da waccan muryar mai rawa, kuma yatsuna ba za su sake kai shi ba ko da an ba ni wani fiyanon.

Za a yi sallama da marigayin ranar Asabar da la'asar a gidanmu. Za a naɗe shi da labulensa, a sa shi a akwatinsa, 'ya'yana maza biyu su ɗaga shi zuwa saman kabad, inda ba na iya kaiwa. Likita ne zai rufe akwatin, shi ya roƙi a ba shi wannan. Masu sayen tsofaffin ƙarafa kada su wahalar da kansu. Masu zuwa da shawarar wani ƙwararren mai gyara da suka sani su bar ta a bakin ƙofa tare da takalmansu. Ba a buƙatar kowa ya ce za a samu wani.

Da farko na ce a roƙi masu zuwa ta'aziyya su kashe wayoyinsu, domin na lura rabin unguwa sun sa waƙar nan ta zama ƙarar kiransu. Na sake shawara. Ku bar su a kunne. In an kira ɗayanku muna zaune, don Allah kada ya yi saurin ɗagawa, ya bari Yaya ya gangara ya hau tukuna.