Gishirin da Ya Cinye Mini Kasko

Ba zan taɓa mantawa da ranar da kaskon narkina ya tona mini asiri ba. Shekara ashirin ina zubin tukwanen alminiyam a Getso, sai ga Sabitu, wani ɗan garin Durun, sa'an ɗana, ya kafa rumfa daura da tawa. Tukwanensa sumul, sai ƙyalli. Nawa kuwa duk ƙuraje. Mata su wuce ni su tsaya wurinsa, ni kuma in bi su da harara (ko sallamarsa a ciki nake amsawa).

Na sa masa ido har na gano sirrin. In ƙarfe ya narke, yakan barbaɗa ɗan gishiri, datti ya taso ya kwashe. In tambaye shi? Allah ya kiyaye. Na ce tunda ɗan barbaɗe ke kawo wannan ƙyalli, ni kwano guda zan juye, har da kanwa, don in fi shi. Sati guda ina haka. Na ga yumɓun da na shafe cikin kaskon da shi yana ɓarewa, ƙarfen kaskon ya yi rami-rami, na ce tsufa ne.

Ran nan Hajiya Talatu mai girkin biki ta zo da kanta a zuba mata babbar tukunya (ita kaɗai ta rage mini cikin manyan masu saye). Na ɗaga murya yadda Sabitu zai ji.

"Hajiya, yau za ki ga aikin manya, ba na yara ba."

Na sa awartaki na ɗaga kasko. Gindin ya yi zamansa a murhu. Narkakken ƙarfe ya malale cikin gawayi, toka ta turnuƙe, ni ina tsaye riƙe da zoben bakin kaskon.

Hajiya ta kakkaɓe mayafi. "Malam, aikin manyan ke nan?"

Sabitu ya tsallako ya leƙa. "Baba, gishiri nawa ka zuba? Ai in ya narke, yumɓu da ƙarfe duk ci yake. Ni ɗan kaɗan nake sawa, kuma kullum sai na sake shafe kaskon da yumɓu."

Da dariya ya yi, da na ji sauƙi. Sai ya ɗauko kaskonsa ya miƙo mini, har da rusunawa. Da shi muka zuba tukunyar, ta fito tas. Hajiya ta ɗauka, ta yi wa Sabitu godiya, kuma tun ranar rumfarsa take zuwa.

Yanzu in na leƙi aikin wani, har awonsa nake leƙawa. Tambaya dai har yau ban iya ba.