Agogon da Ba Ya Tsoron Ruwa

Jiya na yi cinikin da ban taɓa yin irinsa ba tun da uwata ta haife ni. Aka fara da zagina, aka ƙare da yi mini godiya, kuma wallahi godiyar ta fi zagin ciwo. Ku gyara zama.

Tun da gari ya waye nake layin mai da babur ɗina. Layin ya yi tsawon da in kana ƙarshensa, gidan man ma labarinsa kake ji. A gabana akwai Tela, maƙwabcina, ya taho da allura da zare yana ɗinke maɓallan mutane don kada ranar ta tafi a banza. An ce tanka na hanya. Wannan tanka tun Asabar take hanya. Ina jin da ƙafa take tahowa.

A aljihun rigata kuwa akwai wata takarda, kuma ita ce tushen maganar. Wata bakwai ke nan da injin rijiyar burtsatsen layinmu ya ƙone. Gida arba'in da biyu muke sha daga gare ta. Mai gyara ya duba, ya ce dubu ɗari takwas za ta tashi. Lokacin neman ƙuri'a, Mai Girma Uban Alkawura, Inuwar Marasa Rumfa, Allah ya ƙara wa tumbi albarka, ya zo da kansa ya dafa kan famfon, aka ɗauke shi hoto, ya ce kafin wata ya mutu sai mun yi iyo. Wata bakwai sun mutu, an binne su, mu ko alwala sai da dabara.

Ni mai faci ne. Wanda bai san aikin ba ya ɗauka iska muke sayarwa, alhali ruwa ne idonmu. In ba ruwa a baho, ta ina zan ga ƙumfar da za ta nuna mini hujin taya? Yanzu miyau nake shafawa, kamar mai tofi. Shi ya sa da mutanen layi suka rubuta takardar kuka, kowane maigida ya dangwala yatsa, ni aka danƙa wa. Ba don na fi kowa karatu ba, aji uku na yi aka ce in tafi in huta. Dalili shi ne mijin ƙanwata ke riƙe wa Mai Girma jaka, har sunansa ya ɓace, kowa Mai Jaka yake ce masa.

Da zan fito uwar yara ta tare ni a ƙofa. Ta ce, "Baban yara, jarka ɗaya ta rage, ta girki ce. In ka dawo da takardar nan a aljihu, wankanka sai damina."

To, ina tsaye rana na gasa mini ƙeya, sai ga wata baƙar mota mai baƙin gilashi. Ba ta bi layi ba. Ta ƙofar fita ta shiga, kuma man da aka ce babu shi ya fito ya gaishe ta. Da za ta wuce sai gilashi ya sauka, na ga Mai Jaka.

"Yaya, kai ma kana nan?"

"A'a, fatalwata ce. Ni ina gida ina iyo."

Na zaro takarda. Ya duba hagu, ya duba dama, ya ce, "Shigo mu yi maganar a hanya, aika aka yi mini, sauri nake." Na ce wa Tela ya duba mini babur, na faɗa mota. Mai nema yana tare da samu.

A hanya ba a yi maganar ba, waya yake ta amsawa yana rusunawa alhali ba a ganinsa. Muka tsaya a wani kanti da ƙofarsa ke buɗe kanta. Sanyi ya doke ni har haƙorana suka gaisa. Ko'ina agogo ne a cikin gilashi, kowanne a kwance kan ɗan matashinsa, matashin da ya fi wanda nake tada kai da shi laushi. Mai kantin ya sa farar safar hannu, ka ce haihuwa zai karɓa.

Na ce da Mai Jaka, "Me muka zo yi nan?"

Ya ce ma'aikata ne za su karrama Mai Girma da agogo, saboda yadda yake mutunta lokaci.

Jama'a, mutumin da in ya sa taro ƙarfe goma na safe, sai an yi la'asar ake jin jiniyarsa. Wataƙila mutunta lokacin ke nan, ba ya son ya takura masa.

Mai kanti ya fito da wani da hannu biyu. Ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba ya cin batir, motsin hannu ne abincinsa. Gilashinsa ba ya karcewa. Ga shi ba ya tsoron ruwa, ko mita ɗari uku ka nutsa da shi ba abin da zai same shi."

Mai Jaka ya ce, "Nawa?"

"Miliyan tara."

Na ce, "Da kantin, da kai, da safar hannun?"

Nan fa jinina ya motsa. Ku tambaya a kasuwa, Sai-da-Ragi ake ce mini. Masu albasa in sun hango ni rufe buhu suke yi. Nan take na yi tunani: in na rage ko miliyan ɗaya ne, Mai Jaka zai mayar da canji, Mai Girma zai ji daɗi, ya ce wane ɗan albarka ne ya yi wannan, a ce wani mai faci ne da rijiyarsu ta lalace. Shi ke nan, ruwa ya zo. Na naɗe hannun riga.

Na ɗauki agogon na kara a kunne. Na ce, "Malam, ai ko ƙara ba ya yi. Yana da fitila?"

"Babu, ranka ya daɗe."

"Rediyo fa?"

"Babu."

"Yana tayar da mutum daga barci?"

"A'a."

Na zaro 'yar wayata mai ɗaure da kyauro. Na ce, "Ka ga wannan? Agogo, fitila, rediyo, har da wasan maciji. Naka aiki ɗaya ya iya. Miliyan biyu, don dai na ga kana da iyali."

Ya yi murmushi ya ce, "Albarka."

Mai Jaka ya taka mini ƙafa. Na ɗauka cewa yake in ƙara wuta. Na ce ai madaurin ya yi nauyi, zai sa wa Mai Girma ciwon kafaɗa. Na ce lambobin sun yi ƙanana, ga Mai Girma da tabarau. Mai kanti ya sauko takwas da rabi, na hau uku. Ya rantse, na rantse. Na yi irin tafiyar nan ta mai fushi, wadda ake yi don a kira ka, sai ƙofar ta buɗe kanta tun ban iso ba, ashe ita ma 'yar gidan ce. Na dawo don kaina. Mai Jaka ya sake taka ni, wannan karon har da murzawa. Na ce a raina, yaron nan yana jin daɗin aikina.

Sai da muka shafe kusan awa guda. Mai kanti ya cire safar hannu ɗaya ya share goshi, a cikin wannan sanyin. Ya ce, "Bawan Allah, shekarata ashirin a sana'ar nan ban taɓa haɗuwa da irinka ba. Shida. Na sallama, don dai a rabu lafiya."

Na juya ina washe baki, ina jiran a ɗaga ni sama. Sai na ji Mai Jaka ya ce, "Albarka."

Tun da nake, ban taɓa jin mai saye ya ce albarka ba. Ya ja ni gefe, idonsa ya yi ja.

"Yaya, ka kashe ni. Me na yi maka?"

"Miliyan uku na rage maka, ɗan nema!"

"Wa ya aike ka? Makon jiya Mai Girma Gatan Marayu ya sayi nasa a kantin nan, miliyan sha biyu. Gobe tare za su zauna a taro. In aka ji namu na shida ne, kuma an yi cinikinsa kamar albasa, da wane hannu maigidana zai gaisa da mutane? Agogon manya ba lokaci yake faɗa ba, Yaya. Kuɗinsa yake faɗa."

Ya koma gaban mai kanti ya gyara hula. Ya ce, "Malam, ka yi haƙuri da yayana, daga layin mai yake, rana ta taɓa shi. Mu koma kan tara mu taso daga can."

Mai kanti ya ce, "Ranka ya daɗe, tara ai shi ne kuɗinsa na gaskiya."

"Ba gaskiya na zo saya ba. Ƙara."

"Goma?"

"Haba, kamar ba ka san mu ba."

"Sha biyu."

"Kunnen doki ke nan da na wancan. Ƙara dai."

"Sha uku, ranka ya daɗe. Fiye da haka ina jin tsoron Allah."

"Sha biyar, ko mu tafi kantin gaba."

Ya nufi ƙofa, ƙofa ta buɗe, mai kanti ya ce, "Dawo, dawo, na sallama." Dabarata ce fa ya ara, ya juya ta kai a ƙasa, kuma shi ta yi masa aiki.

Mai kanti ya rubuta sha biyar a rasit, ya buga hatimi. Sannan ya rage murya ya ce, "To a hannu fa, wanne zan karɓa? Taran?"

Mai Jaka ya juyo. Ya dube ni. Na ga fuskarsa tana washewa a hankali kamar hadari ya watse. Ya ce, "Wane tara? Ai Yaya ya riga ya gama ciniki a gabanka. Shida ka sallama." Ya kama hannuna da hannu biyu. "Yaya, Allah ya bar zumunci. Daga yau duk sayayyar ofis da kai za a je."

Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Na zo rage wa talaka asara, na ƙare da ƙara wa jaka nauyi.

Amma ban fid da rai ba. A mota ya ɗora mini akwatin agogon a cinya, da wani fayil a kansa, ya ce in riƙe da kyau. Na ce, "To, tunda na yi muku rana, a cikin ukun da na rage a cire dubu ɗari takwas a gyara mana rijiya. Ga takardar, yatsa arba'in da biyu."

Ya ce, "Wace rijiya? Ai an gyara rijiyarku."

"Yaushe?"

"Tun makon jiya."

Mota ta faɗa rami, fayil ya buɗe. Na gaya muku karatuna bai yi nisa ba, amma sunan layinmu ko a juye aka rubuta shi na san shi. Ga shi nan a saman takarda. A ƙarƙashinsa, gyaran rijiya. A gefe, miliyan sha biyar. Can ƙasa an sa hannu, an kammala.

Na ce, "To ina ruwan?"

Da leɓe ya nuna mini akwatin da ke cinyata.

Rashin sani, kaza ta kwana kan dami. Wata bakwai ina neman rijiyarmu, ashe ga ta na rungume, a kwance kan ɗan matashi.

Ya ce, "Yaya, mayar da takardarka aljihu. Ba a gyara abu sau biyu. In na kai ta, ƙaryata ofis kuka yi, kuma duk ga yatsunku a jiki." Da zai sauke ni ya cusa mini wani abu a hannu, wai in sha ruwa. Zuciya ta ce jefa masa a fuska. Bahon faci ya ce karɓi. Ba zan yi muku ƙarya ba, baho ne ya yi nasara. Jarka huɗu na saya a wurin mai garuwa.

Na iske layi ya watse. Tanka ta zo, an sayar, ya ƙare. Tela ya sha nasa man, nawa kuwa ya ce hannu biyu gare shi, ba zai iya tura babur biyu ba. Muka kama hanya, shi a kan nasa yana tafiya a hankali, ni ina tura nawa.

Ya ce, "Ya maganar rijiya?"

Na ce, "Na gan ta. Har na ɗauke ta a cinya."

"Kai dai rana ta taɓa ka."

"Haka aka ce a kanti. Tana nan lafiya, Tela. Zagayayya ce, mai ruwan zinariya, ba ta cin batir. Gobe za ta je taro."

Uwar yara ta ga jarkoki huɗu, ta ga takarda na leƙe daga aljihu, ta gane komai. Ta ce, "Biyu na wanki, ɗaya na baho, ɗaya na yara. Kai kuma Allah ya kawo damina lafiya."

Saboda haka ina miƙa gaisuwa ga Mai Girma Uban Alkawura, tare da taya shi murnar wannan karramawa da ta dace da shi. Roƙonmu ɗaya ne. Tunda an ce motsin hannu ne abincin agogon, in ya zo neman ƙuri'a ya taimaka ya girgiza hannun a kan bokitinmu, ko Allah zai sa wani abu ya ɗigo. Kuma kada ya ji komai, ya zo da abinsa a ɗaure. Mai kanti ya ce ba ya tsoron ruwa. Da ni aka tambaya, da ba a wahalar da kai ba. In dai layinmu za a zo, ko agogon takarda ka ɗaura, a bushe za ka koma da shi.