Tsargiyar da Na Ɗora wa Kaina

Ba zan taɓa mantawa ba da kakar audugar da na sa Baba ya rasa inda zai sa fuskarsa.

Ina 'yar budurwa lokacin, a ƙauyenmu kusa da garin Managil. Inna ta hana mu wanka a tur'a, magudanar da ke shayar da gonakin auduga, saboda tsargiya. Kowa ya san alamarta, jini a fitsari, kuma allurarta ƙato ma kuka take sa shi. Ni kuwa (Allah ya shirye ni) ba na tashi daga tsintar auduga ban faɗa ruwan nan ba.

Sai wani baƙin rai marar dalili ya taso mini. Na mari ƙanwata a kan ludayi, na yi kuka don miya ta yi gishiri. Ƙirjina ya yi tsami, ƙuraje suka feso. Rannan da safe marata ta murɗa kamar ana matse wanki, na zaga bayan gida, na ga jini. Na ce shi ke nan, tsargiya ta cinye mini hanji, mutuwa zan yi.

In na gaya wa Inna, asirin tur'a ya tonu. Sai na lallaɓa wurin Baba.

"Baba, tsargiya gare ni. Don Allah kar Inna ta ji."

Bawan Allah ya ɗora ni a jaki sai shafakhana, ƙaramin asibitinmu. Hakim, ma'aikacin wurin, Balarabe ne, kuma tsoro ya kore ɗan Larabcina, don haka Baba ya zama tafinta. (Baba bai iya magana a hankali ba, ga layin mutane a bakin ƙofa.)

Hakim ya fara tambaya, ina amsawa. Fitsari na zafi? A'a. Ina ke ciwo? Mara da baya. Jinin sai da fitsari yake zuwa? Na ce ko ba fitsari. Baba ya kwarara wannan ma da Larabci.

Hakim ya yi murmushi. "Mabruk, ya Hajj," ya ce, wato barka Alhaji, ya ƙara wata magana da Larabci. Baba ya buɗe baki zai fassara, bakin ya tsaya a buɗe. Wata tsohuwa a layi ta ƙarasa masa aikin:

"Ɗiyarka ta girma, Alhaji! Wanga zancen uwa na!"

Layi ya kece da dariya. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Hakim ya ce mahaifa ce ke matsewa, ya ba ni asfirin. Har gida Baba yana jan jaki bai waiwayo ba. Inna ta dafa mini hulba, ta ɗora mini kwalbar ruwan zafi a mara, ta bari sai da ciwon ya lafa, sannan ta tambaye ni.

"To, mi ya sa kika zaci tsargiya ta?"

An gudu ba a tsira ba. Tun daga ranar na gane, ciwon da ya sauka ƙasa da cibiya uwa ake fara kai wa. Faɗanta yini ɗaya ne, amma har na haihu matan garinmu suna tambayata ya jikin tsargiya.