Yadda Ake Ƙera wa Uba Abokin Ludo a Cikin Waya

Kai mai son gina manhajar wasa ta intanet, irin wadda mutum zai buga da wani yana jin muryarsa, gyara zama. Abin da zan koya maka ba a aji ake samunsa ba. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, za ka samu wanda gari ba zai waye masa ba sai ya buɗe manhajarka, kuma ko wayarsa ta cika maƙil ba zai goge ta ba. Mutum nawa za ka samu? Wannan ba ya cikin alkawarin.

Da wani ɗalibina zan riƙa ba ka misali. A gida Injiniya ake ce masa, ko da yake ba wanda ya taɓa ganin takardar. Ya ƙera wasan ludo na waya a ɗakin da ke jikin na mahaifinsa. Shi mahaifin tsohon direban babbar mota ne, mutum mai son hira kamar me, ciwon gwiwa ya zaunar da shi, ya dawo gidan ɗan bayan rasuwar matarsa. Da waɗannan biyun za mu yi aiki.

Mataki na 1: Gama ginin kafin ka tambayi ko akwai mai so

Rufe ƙofa. Sa abin jin sauti a kunne ko da ba ka kunna komai ba, don duk wanda ya leƙo ya ji nauyin yi maka magana. Zaɓi launin allo, ka canza, ka sake komawa na farko. Sa wa dayis, wato ɗan abin jefawar nan mai ɗigo-ɗigo, ƙara mai daɗi in ya faɗi.

Injiniya ya yi duk wannan. Mahaifinsa kan turo ƙofa da sanda ya fara ba shi labarin wata gada da ya taɓa haurawa da kaya cikin ruwan sama, shi kuwa sai ya ɗaga yatsa ɗaya, alamar yana zuwa. Tsohon ya tsaya ya gaji ya koma. Ka koyi wannan yatsan, rabin sana'ar ke nan.

Da ya saki wasan, duniya ta yi shiru. Abokansa suka ce ma sha Allahu, suka sauke, suka goge.

Mataki na 2: Nemo mai gwaji wanda ba zai iya guduwa ba

Ƙwararru suna ɓata lokaci wajen neman masu gwaji a waje. Duba cikin gidanka. Mai ciwon gwiwa ya fi, don in ka ajiye shi a nan za ka dawo ka same shi.

Matar Injiniya ce ta kawo shawarar, kuma ba don manhaja ta kawo ba. Ta ce Baba yana wuni yana kallon bango, abincinsa ma dawowa yake yi da saura, ya kamata a samu mai zama da shi. Injiniya ya ji maganar da kunnen mai sana'a. Ya ɗauki wayar tsohon, ya sa masa wasan, ya nuna masa inda ake dannawa, ya fita da sauri kafin labarin gada ya taso.

Mataki na 3: In babu 'yan wasa, ƙera su

Wasan intanet yana buƙatar mutum biyu, kai kuma ɗaya gare ka. Kada ka damu. Rubuta ɗan wasan bogi, kwamfuta ta riƙa jefa masa dayis. Amma ka kiyaye abu uku. Kada ya riƙa amsawa nan take, mutum yana sosa kai kafin ya motsa. Kada ya riƙa ci kullum, tsoho zai yi fushi. Kada kuma ya riƙa faɗuwa kullum, tsoho ba yaro ba ne, zai gane ana lallaɓa shi. Ka murɗa dayis ɗin ta yadda shida za ta fito wa mai gwajinka daidai lokacin da ya fara cire rai.

Ba shi suna mai kama da na mutane. Injiniya ya sa wa nasa Tsohon Tela, ya liƙa masa hoton keken ɗinki.

Abin ya yi aiki fiye da yadda ake so. Faranti ya fara dawowa fanko. Daga ɗakin tsohon ake jin dariya da "ai kuwa yau sai na kore ka gida". Da safe kafin ya nemi shayi sai ya nemi caja. Ya gaya wa surukarsa cewa tun da ya ajiye tuƙi bai samu wanda ya fahimce shi kamar wannan bawan Allah ba.

Daga nan aikinka ya canza, ka sani. Yanzu ba manhaja kake tsaro ba. Tsoho ya yi aboki ɗaya tak a duniya, kuma ranar da ya gane wane ne abokin, ya rasa shi.

Mataki na 4: Sa murya, amma ka ɓata ta

Tsofaffi ba sa son rubutu. Baba ya ce shi ba zai ci gaba da wasa da mutumin da bai taɓa gaisawa da shi ba, ba a haka aka rene shi ba. Dole Injiniya ya ƙara wa wasan wurin aika saƙon murya. Saƙon farko da Baba ya tura ya kusa cinye datar gidan, gaisuwa ce kawai, har da tambayar iyali da kasuwa da gajiyar zama kan keke.

Kwamfuta ba ta iya amsa irin wannan gaisuwar, sai kai. Ga yadda ake yi. Shiga mota, ɗaga gilashi. Naɗi muryarka. Saukar da ita ta yi kauri, ka ɗan ja ta ta yi nauyi, ka sa tari a tsakiya. A bayanta ka shimfiɗa ƙarar keken ɗinki, ƙasa-ƙasa. Littattafai za su ce maka ka tace sauti ya fita tas. Rabu da su. Sauti mai tsabta shi ke tona asiri, ka matse shi har sai ya yi kamar daga cikin tulu ake magana.

"Direba, barka da hantsi. Ya gwiwar? An dai samu barci?"

Haka Injiniya ya faɗa a cikin mota, gumi na bin wuyansa, alhali da safen nan ya wuce ƙofar mahaifinsa da "ina kwana" ɗin da bai tsaya jin amsarsa ba. Matarsa ta gan shi ta taga yana tari shi kaɗai. Da ya shigo ta ce in dai gwiwar yake son tambaya, ga ƙofar ɗakin can a buɗe, ba ta cin fetur. Kada ka saurari irin wannan shawarar, daga bakin wanda bai san sana'a ba take fitowa.

A wannan matakin ne Injiniya ya ji labarin gadar har ƙarshe, tunda Tela ba shi da yatsan ɗagawa. Ashe labari ne mai kyau. Ya ji kunya kaɗan, sai ya rage ƙarar keken ya ci gaba.

Mataki na 5: Da'irar nan mai juyawa ita ce babbar abokiyarka

Ka san 'yar da'irar da ke juyawa a allo in bidiyo ya tsaya yana lodi? Masu koyo suna ɗaukar ta aibi. Jahilci ne. Ita kaɗai ce ƙaryar da kowa ya yarda da ita ba gardama.

Wata rana mai gwajinka zai ce yana son ganin fuskar abokinsa. Sa masa madannin kiran bidiyo, babba, kore shar. In ya danna, da'ira ta yi ta juyawa har ya gaji. Zai zagi kamfanin waya, ba kai ba. In ya ce a kai shi shagon Tela, sa Tela ya ce ya yi nisa, hanya ba kyau. Sai dai ka yi hattara in tsohon direba ne, don zai tambayi wace hanya. Nan Injiniya ya saki tari mai tsawo ya yanke saƙon.

Mataki na 6: In mai amfani ya fara kuskure, gyara allo, kada ka tambaye shi

Manhaja mai kyau tana ajiye bayanin duk inda yatsa ya taɓa. Duba shi kullum, ya fi duba fuskar mutum sauƙi.

Injiniya ya lura mahaifinsa ya fara danna gefen dayis maimakon kansa. Sai ya ƙara wa dayis girma. Ya ga yana motsa ɗan ludon da bai kamata ba, yana barin wanda ke bakin gida. Sai ya ƙara wa launuka ƙarfi. Ya ga yana daɗewa kafin ya yi wasa, sai ya cire agogon da ke ƙirga lokaci. Da kuskuren ya ƙi ƙarewa, ya sa Tela ya riƙa yin nasa kuskuren don a yi daidai. Ya ji daɗin kansa ƙwarai, har ya gaya wa matarsa cewa yanzu manhajar ta dace da manya. Ni ma na yaba masa. Matsala ta taso, an magance ta ba tare da an tashi daga kujera ba.

Mataki na 7: Saurari kowane saƙo, ko wanda ba naka ba

Bayan la'asar ne. Injiniya yana zaune gaban kwamfuta, ya ji muryar tsohon ta bango, ƙasa-ƙasa, ba a jin kalmomin. Muryar ta yi shiru. Jim kaɗan saƙon ya faɗo, ya sa a kunne.

"Malam Tela, yau ba wasa na zo ba. Ido ne. Ya jima yana yi mini hazo, yanzu na hagun ya kusa tafiya, na daman ma sai na kara wayar a hanci. Duk cin da kake gani ina yi maka, lalube ne. Ban gaya wa yaron ba. Yana da aiki, kuma yana ƙoƙari a kaina, ba na son in zame masa kaya biyu. Kai kaɗai na gaya wa. Ka bar shi tsakaninmu."

A sana'ance, saƙon ya iso lafiya, bai yanke ba, bai tsaya lodi ba. A nan ya kamata ɗalibi ya yi murna. Shi kuwa Injiniya ya cire abin kunnen ya zauna yana kallon ƙaton dayis ɗin da ya yi ta ƙara wa girma, tsoro ya kama shi. In ya yi shiru, idon zai ƙarasa tafiya. In ya yi magana, tsohon zai tambayi inda ya ji.

Mataki na 8: Ɗora wa na bogi laifi

Wannan ne matakin da ke raba gwani da ɗan koyo, ka buɗe kunne. Amfanin mutumin da babu shi ne ba ya musu. Shiga wurin tsohon ka ce Tela ne ya nemo lambarka ya tsegunta maka don tausayi. Tsoho zai yi fushin kwana biyu, Tela ya ba da haƙuri ta cikin tulu, a je asibiti, wasa ya ci gaba. Ka tsira da ido, ka tsira da aboki, ka tsira da mai gwaji.

Injiniya ya shiga. Ya samu mahaifinsa a bakin gado, wayar a hanci. Ya ce gobe da safe za su je wurin likitan ido. Tsohon ya sauke wayar a hankali, ya juyo da gefen fuskarsa na dama.

"Tela ne ya gaya maka? Ashe ba ya riƙe magana."

Ka gani? Tsohon da kansa ya buɗe masa ƙofa, "e" kawai ake nema. A nan ɗalibina ya watsa mini ƙasa a ido. Ya durƙusa gaban gadon, ya ce da muryarsa ta Allah, ba tari ba keke:

"Baba, babu wani Tela. Ni ne. Tun farko ni ne."

 Tsohon ya shafa allon wayar da babban yatsa kamar mai share ƙura, sannan ya kife ta a kan katifa. Idon da ke gani ya ciko da hawaye, ya bar shi bai share ba. Abokinsa ne ya mutu, kuma babu inda za a je gaisuwa.

Can ya ce, "Tela ya fi ka iya gaisuwa."

Sannan ya janye ƙafarsa mai ciwo gefe, ya bar wuri a bakin gadon.

Sanarwa

Mai wannan darasi ba shi da hannu a duk abin da ya biyo baya. Wanda ya bi mataki bakwai ya karkace a na takwas, shi ya jiyo. Manhajar Injiniya yanzu ba ta da mai buɗe ta ko ɗaya, kuma ba laifin koyarwata ba ne. Ban ɗauki nauyin layin asibiti ba, ko ɗigon maganin da ake sawa a ido, ko lokacin aikin da ake ɓatawa kullum da yamma a kan allon ludo na kwali. An ce Injiniya ke jefa wa tsohon dayis ya faɗa masa abin da ya fito, tunda idon bai gama warwarewa ba. An kuma ce duk sanda ya ce shida ce, tsohon ba ya motsa ko ɗa ɗaya sai ya kira surukarsa ta zo ta duba.