Yadda Ake Sayar da Shan Kashi Ranar Asabar

Kai da aka ɗora wa kujerar daraktan wasanni a ƙaramar jami'a a nan jihohin kudu na ƙasar Amurka, ina taya ka murna, ina kuma yi maka jaje. Ga masu ninkaya, ga masu kokawa, ga 'yan tsere, kowa baki buɗe kamar 'yan tsaki, kuma babu mai shigo maka da ko sisi. Kwantar da hankalinka. In ka bi matakan nan, na yi maka alkawari kowa zai ci ya ƙoshi. Hanyar ba ta taɓa ba da kunya ba sai sau ɗaya, a hannun Dwight Pruitt na Jami'ar Tarrow Creek, shi ma don ya yi sakaci da mataki na huɗu. Za mu riƙa waiwayarsa.

Mataki na 1: San wanda ke ciyar da gidan

A bakin shugaban jami'a ranar yaye ɗalibai, duk wasanni ɗaya ne. A aljihu kuwa wasa ɗaya ne tak, ƙwallonmu ta 'yan hular kwano, wadda ƙato ke runguma ya ruga a bi shi a turmushe. Sauran 'yan cin arziki ne.

Dwight ya san wannan. Loretta Hensley, kociyar ninkaya, 'yan matanta sun yi ta ɗauko kofin yanki har kabad ya daina rufuwa, amma 'yan kallonsu iyayensu ne da mai goge ƙasa. 'Yan ƙwallo kuwa kakar wasa kan zo ta wuce ba su ci wasa uku ba, duk da haka su ke da motar safa mai sanyi.

"Yallaɓai darakta," in ji Loretta daga bakin ƙofar ofis, "injin ɗumama ruwa ya sake mutuwa. Leɓɓan yarana sun yi shuɗi."

"Ai launin jami'armu ke nan, Loretta."

"Ka zo ka shiga ruwan, mu ga naka kishin."

Mataki na 2: Nemo mai dukan da ke biya da kyau

Kowace babbar jami'a tana son buɗe kaka a gida da wanda za ta nakasa, don mutum dubu ɗari su koma gida da fara'a. Ba kyauta take yi ba, biya take. Dwight ya samo tayin dala miliyan ɗaya da rabi daga babbar jami'ar jihar maƙwabta, aikin yamma guda. Babu likitan zuciya a jihar da ke kama ƙafar wannan.

Lura: a sauran kasuwanni mai kaya yabon kayansa yake. A nan kushewa ake. Ka ambaci masu rauni. Ka ce mai jefa muku ƙwallo ba ya gani sosai in rana ta karkata. Abin da kake nema ba cak ɗin kuɗin bana ba ne kawai, gayyatar baɗi ce. Wanda ya doke ka ya ji daɗi, shi ne abokin arziki.

Mataki na 3: Kada ka kira abin da sunansa

Ga iyayen yara, ka ce dama ce ta shiga talabijin. Ga 'yan jarida, ka ce ƙwallo ba ta san babba ba. Gaskiyar kuwa ka bar ta tsakaninka da masu cin abincin.

Hukumar jami'a ta riga ta gaya wa Dwight ƙarara: in babbar jami'ar ta sa hannu a kan ƙarin wasanni na shekaru masu zuwa, tafkin ninkaya ya tsira. In ba haka ba, a zuƙe ruwan, a sallami ƙungiyar, 'yan matan da ke karatu kyauta saboda ninkaya su nemi inda dare ya yi musu. Ya kira Loretta ya yi mata alkawari da bakinsa.

"Wato haƙarƙarin yaran mutane ne zai ɗumama mini ruwa?"

"Ke dai ki yi addu'a su sha kashi lafiya."

"Da maki nawa?"

"Arba'in ma ya wadatar. Kada mu yi zari."

Mataki na 4: Zaɓi koci mai hankali

Ba za ka iya buɗe baki ka ce wa koci ya faɗi ba, wannan maganar kurkuku ce. Saboda haka nemo wanda ba ya bukatar a gaya masa. Dattijo mai ciwon gwiwa, wanda ya sayi kwalekwalen kamun kifi, yake ƙirga ranar fansho. Mai irin wannan zuciya ba ya kunyata maigidansa.

Dwight kuwa ya ɗauko Wade Tolliver saboda araha. Saurayi ne mai jijiya a wuya, ba ya magana sai da ihu, har gaisuwa. Ana gobe wasa Dwight ya ja shi gefe.

"Koci, babban abin dai a dawo da kowa da ƙafafunsa. Ka gane ni?"

"Na gane, oga. Za mu ci su."

"Ban ce haka ba."

"Ba sai ka faɗa ba, oga. A idonka na gani!"

Masu hikima sun ce araha ba ta ado. Ba su faɗi rabin abin ba.

Mataki na 5: Iya faɗuwa

Faɗuwa ma tana da ladabi. A ɗan taɓuka da farko don kada masu talabijin su canja tasha, sannan a saki jiki. Kai kuma kana sama a ɗakin gilashin mai masauki, kana cin gasasshen haƙarƙari, kana yaba 'yan badujalarsu.

Haka Dwight ya zauna. Aka tafi hutun rabin lokaci yaransa na gaba. Ya yi wa daraktan masu masauki murmushi irin na baƙon da ɗansa ya fasa tangaran. Aka dawo, yaransa na gaba. Mai masauki ya daina miƙo masa miyar naman. Wayarsa ta yi ƙara, Loretta ce daga cikin 'yan kallo.

"Dwight, me nake gani? Sauka ka yi wa mahaukacin nan magana!"

"In ce masa me?"

"Ka ce masa yana da iyali! Ka ce masa ni ma ina da su!"

Ƙwallon ƙarshe ta ratsa tsakanin sanduna. Ashirin da huɗu da ashirin da uku, yaran Dwight ne a sama. Mutum dubu ɗari suka yi tsit, har a ɗakin gilashi ana jin ihun Koci Tolliver. Mai masauki ya ba Dwight hannu, yana kallon bango.

"Cak ɗinku zai iso. A gaida gida."

Mataki na 6: In masifar ta auku

A nan ba ni da magani, sai labari. Ɗaliban Tarrow Creek suka tuge sandunan filinsu na gida kamar yadda aka saba in murna ta yi yawa, suka nemi ruwan da za su jefa su. Kogi ya yi nisa, sai suka nufi tafkin Loretta. Ranar ce ɗakin ninkaya ya fara cika maƙil tun da aka gina shi.

Babbar jami'ar ta kori kocinta, ta ɗauke Tolliver da albashin da ya fi kasafin ninkaya na shekara goma. Dwight ya buga wa manyan jami'o'i waya ɗaya bayan ɗaya. Kowane darakta yana cikin taro. Wa zai biya kuɗi ya sayo kare mai cizo?

A zaman hukuma, Royce Gaither, dillalin motoci kuma babban mai ba da gudummawa, ya miƙe da hular ƙungiya a kansa.

"Jama'a, mun girma! Manya kuwa su ke biya a zo su doka. Muna bukatar sabon allon maki, da ɗakin ɗaga ƙarfe na gani na faɗa."

"To tafkin fa?" in ji Dwight, a hankali.

"Yauwa, ɗana, ka kawo shawara. Faɗinsa ya yi daidai da ɗakin ƙarfen."

Dwight ya tarar da Loretta tana naɗe kofuna cikin tawul. Ruwan ya riga ya sauka zuwa gwiwa. Ya daɗe yana juya makullin mota a hannu.

"Faɗi abin da ya kawo ka. Na san ba taya ni ɗaukar kaya ka zo ba."

"Royce ya sa an ƙera kabad ɗin kofuna a sabon ɗakin. Babba ne. Ƙwallo ɗaya ce a ciki." Ya yi gyaran murya. "Ya ce ko za ki ara mana kofunanki. Za a juya rubutun ya kalli bango."

"Mutum-mutumin da ke saman kofin fa? Mace ce ta miƙe hannu za ta faɗa ruwa."

"Ya ce daga nesa kamar mai tsalle ya cafe ƙwallo."

Loretta ta dube shi, ta dubi tafkin, ta ɗora masa akwatin kofunan a ƙirji.

"Ɗauka, yallaɓai. Ka riƙa goge su. Ba su saba da wurin da ake kallonsu ba."

Sanarwa

Marubucin nan ba ya ɗaukar alhakin karaya, targaɗe, zuƙe tafki ko alkawarin da ka yi wa baiwar Allah da bakinka. Shan kashi na koya maka. In yaranka suka je suka yi nasara, tarbiyyarka ce, kada ka nemi lambata.