Kek a Gwangwanin Kifi

Ana saura kwana biyu sunan ɗan ƙanwata a Shamaki, na sanar da dangi kada kowa ya sayo kek, ni zan yi. Ban taɓa yi ba, amma na kalli bidiyo sau uku, me ya rage?

Maƙwabciyata ta ce in ari gwangwanayenta. Na ce ta bar abinta, ina da nawa. Nawan kuwa na kifi ne da na daɗe ina tarawa. Na ɗauraye su, na shafe da bota, na zuba yashi a tukunya na hura gawayi. Da ƙarni ya fara tashi na ce ƙwai ne, na ci gaba da gashi.

Ranar suna Goggo Dije, yayar babanmu, ta fara gutsura. Ta tauna a hankali, ta dube ni.

"Sannu da ƙoƙari, 'yar nan. Ina yajinsa?"

Gida ya kaure da dariya. Na ɗaure fuska na cinye huɗu a gabansu.

Yaron yanzu yana firamare, amma har yau in biki ya taso sai ƙanwata ta kira ni: "Adda, wannan karon na tarwaɗa za ki mana ko na karfasa?"